Haruffa Uku na Yaya Sanusi

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar arba'in ɗin Yaya Sanusi ba, kuma ko na so in manta, Goggo Hadiza tana nan da ranta, ba za ta bari ba.

Yaya Sanusi wana ne, shi nake bi. Bandar kifi yake ɗaukowa daga Lagdo ya kawo Garwa, a kan wannan hanyar kuma wata babbar mota ta bi ta kan babur ɗinsa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Ko hoton kirki bai bari ba, domin wayarsa tare suka tafi. Abin da ya rage a ɗakinsa 'yan riguna ne da wata tsohuwar kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya, wadda ya saya a hannun wani ma'aikacin ofis tun ina firamare.

Wasa ɗaya ne a cikinta. Wani ɗan jirgin sama kake tuƙawa kana harbin abubuwan da ke zubowa daga sama. Idan ka yi ƙoƙari, sai a nuna maka jerin gwanaye, layi goma, ka rubuta sunanka da haruffa uku kacal. Shekara da shekaru Yaya yana abu ɗaya har sai da layi goman nan duka suka zama SAN, SAN, SAN, daga sama har ƙasa. Inna ba ta yi boko ba, amma ta san kamannin haruffan nan uku kamar yadda ta san tafiyarsa. Yakan kira ta, "Inna, zo ki ga ɗanki," ta zo da ludayi a hannu tana faɗa, ta duba, ta koma tana murmushi.

Sati uku bayan rasuwar, Inna ta ce in kunna mata. Kwamfutar ta yi ƙara sau biyu, ta ƙi tashi. Na kai ta babbar kasuwa wurin Musiyo Buba mai gyara, ya buɗe cikinta, ya ce ta gama aiki, amma ya samu ya ciro wasan da kile ɗinsa, ɗan filashin nan na kwafar abubuwa, ya zuba mini a laftof ɗin da nake aikin buga takardu da ita.

"Ƙanwata, kafin ki taɓa komai, ki yi kwafi ki ajiye gefe," in ji shi.

"Musiyo, na yi darasin kwamfuta a lise," na ce masa.

(Na yi ɗin, a sakandare. Mu tamanin da wani abu a aji, kwamfutar kuma a allo malam yake zana mana ita da alli.)

A gida wasan ya tashi lafiya, sunan Yaya yana nan layi goma. Matsalar ita ce a sabuwar na'ura ya ƙi cika fuska. Ya maƙale a tsakiya, ɗan mitsitsi kamar akwatin ashana, baƙi ya kewaye shi ta ko'ina. Inna kuwa ciwon suga ya riga ya ci idonta. Ta kai hancinta har jikin gilashin ta ce, "Kamar dai ina ganin wani abu." Na ce ta bari, zan sa shi ya cika allon. Kullum sai in ce gobe. Ban yi kwafi ba, ban koma wurin Buba ba, don na tsani a ga kamar ban iya ba.

Ranar arba'in, bayan maza sun gama addu'a a ƙofar gida sun watse, mata suka cika falo. Ga 'yan uwan Baba matan mahauta, ga dangin Inna da suka taso tun daga Mokolo, ga zafin Garwa na rana tsaka, fanka tana juya shi kawai. Inna ta jawo ni ta ce a hankali, "In kin samu sarari, ki nuna mini a ɗaki." A ɗaki ta ce. Ni kuwa da kaina na ga ai ga talabijin babba a falo, me zai sa a ɓoye? Na ɗauko laftof, na jona waya, na ce wa mata su matsa.

Goggo Hadiza, yayar Baba, ta dube ni ta saman tabarau. "Ke, yau ranar kallo ce?"

"Sunan Yaya zan nuna wa Inna, Goggo. Minti ɗaya."

Ya fito a talabijin, amma har yanzu akwatin ashana ne, sai dai baƙin da ke kewaye da shi ya ƙaru. Na shiga danne-danne. Na canja girman allo, hoton ya miƙe gefe da gefe, jirgin ya koma kamar faranti. Na sake canjawa, launi ya rikice, komai ya zama shuɗi da ruwan hoda. Wata daga baya ta ce, "Ko a kira mai gyara?" Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na shiga saitin wasan kansa, na ga wani layi da Faransanci mai cewa a mayar da komai yadda yake tun farko. Na ce yawwa, launin zai dawo. Ya tambaye ni ko na tabbata. Ban ma gama karantawa ba na danna.

Launi ya dawo. Kuma wallahi, ban san ta yaya ba, wasan ya cika talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa. Mata suka ce "Masha Allah." Na juya ina kallonsu ɗaya bayan ɗaya, musamman mai maganar mai gyara. Sannan na buɗe jerin gwanaye.

AAA. BBB. CCC. Haka har ƙasa, manya-manya, kowane harafi kamar an gina shi da bulo. Babu SAN ko ɗaya.

Na rufe da sauri kafin Inna ta gama gyara zama. Mai hankali a nan zai tsaya ya faɗi gaskiya. Ni sai na ce, "Sai an buga wasan tukuna sunan yake fitowa." Dabarata ita ce in ci, in rubuta SAN da hannuna, a wuce wurin.

Haka na durƙusa a gaban talabijin, da hijabina, ranar arba'in ɗin wana, ina harbin abubuwa masu zubowa daga sama. Kiɗan wasan (wani tsiyu-tsiyu kamar kukan 'yan tsaki) ya cika falon da aka gama karatun Ƙur'ani a cikinsa da safe. Na nemi inda ake rage ƙara, jirgin ya fashe. Na sake, ya fashe. Ban taɓa iya wasan nan ba, Yaya ma dariya yake yi mini. Gumi yana shiga idona. Goggo ta ce wa ta kusa da ita da Fulatanci, don ta ɗauka ba na ji sosai, "Yarinyar nan ta taɓu." Wata tsohuwa ta tashi ta ɗauki takalminta.

A karo na shida ko na bakwai na samu na kutsa layi na goma. Na rubuta S, A, N.

"Inna, ga shi."

Ta taso, ta dafa kafaɗata, ta matso. A wannan girman ko makaho zai gani. Ta ɗaga yatsa ta fara daga sama, tana bin layi ɗaya bayan ɗaya, tana saukowa, har ta iso ƙasa. Ta tsaya a kan haruffan ta daɗe.

"Ɗaya ne," ta ce.



"Kuma a ƙasa. Sanusi ba ya zama a ƙasa." Ta juyo ta dube ni, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi. "Wannan ke kika rubuta, ko?"

Na ce e. A gaban kowa. Ta gyaɗa kai, ta ce, "To, kashe," ta shige ɗaki ta ja labule.

Washegari tun kafin a gama buɗe shaguna ina ƙofar Musiyo Buba. Na ce ya ba ni abin da ke cikin kile ɗin nan. Ya ce ai tuni ya goge, ya zuba wa wani direba wa'azi a ciki. Tsohuwar kwamfutar kuma ya sake gwadawa a gabana, ko ƙarar ma ta daina yi. Da na ba shi labari bai yi dariya ba. Ya jawo laftof ɗin, ya buɗe wasan, ya danna maɓalli biyu tare. Ya koma ƙarami. Ya sake dannawa, ya cika fuska.

"Shi ke nan fa," ya ce. "Da kin tambaya."

Maɓalli biyu. Daga gidanmu zuwa shagonsa ko kwata ba a yi a kan babur.

Inna ba ta sake cewa a nuna mata ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba. Goggo ce ke tayarwa, duk taron suna da na biki. Ni kuma na zauna na koyi wasan, na iya shi fiye da yadda ya kamata mace mai aikin yi ta iya. Zan iya cika layi goman da SAN a yini ɗaya. Ban yi ba, domin ban san makin da ya ci ba. Sau nawa na ga lambobin nan, ban taɓa tsayawa na karanta ko ɗaya ba.

Abin da na koya bai da yawa. "Ban iya ba" kalma uku ce, ba ta kashe kowa. Yanzu ina faɗinta da wuri, tun kafin mata su cika falo.