Shebur Mai Ninkewa da Shebur ɗin Mai Girma

Duk wanda ya bi ta bakin layinmu ranar Talatar nan da safe, ya ga wani bawan Allah durƙushe cikin taɓo a gaban tayar mota, da sabuwar riga, hula ta faɗi gefe, yana kokawa da wani abu mai kama da ƙaton cokali, to kada ya wahalar da kansa da tambaya. Ni ne. Tsohuwar da ke zaune a kujerar baya da jaka a cinya kuwa surukata ce, Inna, mahaifiyar maman yara, kuma asibiti za mu kai ta.

Inna yanar ido ce ta hana ta gani. Ta daɗe tana jiran ranar da za a yi mata aikin ido, a sa rana a ɗaga, a sake sawa a sake ɗagawa, har Allah ya kawo wannan Talata. An kuma ja mana kunne cewa wanda ba ya wurin lokacin da aka kira sunansa da safe, sai ya koma ƙarshen layi, layin kuwa ba a ganin ƙarshensa. Autarmu har ta fara gudu a tsakar gida, Inna ba ta taɓa ganin fuskarta sosai ba, da hannu take shafawa ta gane ta.

Yayan maman yara ya ce zai zo da doguwar motarsa ya ɗauke ta. Na ce a'a. Ina da mota a ƙofar gida, a ce wani ya taso daga wancan ƙarshen gari ya ɗauki surukata? Maman yara ta dube ni ta ce, "Baban Auta, ka manta da ramin bakin layi? Ga ruwa kullum ana yi."

Na ce, "Ki kwantar da hankalinki. Na yi maganin ramin nan."

Ramin nan yana da tarihi, kuma bai kamata a raina shi ba, don babban mutum ne ya fara haƙa shi da hannunsa. Wata shekara aka kafa rumfuna a bakin layinmu, aka jera kujeru, jiniya ta cika unguwa, Mai Girma Uban Alkawura ya sauko daga mota mai baƙin gilashi. Ya ce kafin damina ta zagayo za mu riƙa tafiya a kan kwalta har ƙofar ɗaki. Aka miƙa masa shebur mai ruwan zinare da jan ƙyalle a wuya, ya caka, ya ɗebo ƙasa, ya tsaya da ita a sama har masu hoto suka ƙoshi. Muka yi tafi har tafin hannu ya yi zafi. Bayan kwana biyu ɗan kwangila ya kawo motar haƙa, ta faɗaɗa abin da Mai Girma ya fara, ta juya, ba mu sake jin ɗuriyarta ba. Ni ba na cikin masu cewa ba a yi mana komai ba. Da ba mu da rami, yanzu muna da shi, har kwaɗi sun tare.

Maganin da na ce na yi kuwa shi ne shebur mai ninkewa, irin wanda ake ajiyewa a bayan mota saboda rana irin wannan. Na je shagon kayan ƙarfe da niyyar sayen mai ƙarko. Mai shago ya fito min da biyu. Ɗaya baƙi ne, mai nauyi, mummuna, ba shi da komai sai baki da ƙota da wani zoben ƙarfe a wuya. Ɗayan yana ƙyalli kamar sabon faranti. A jikinsa akwai zarto, akwai tocila, akwai abin nuna gabas, akwai abin buɗe kwalba, a gindin ƙotar har da usur.

Mai shago ya ce, "Wancan na leburori ne. Wannan shi ne na manya, Alhaji."

Ni ba Alhaji ba ne, amma tunda ya faɗa ban ga dalilin ƙaryata shi ba. A nan aka gama da ni. Na kunna tocila, na duba gabas, na busa usur har mai shagon kusa ya leƙo. Na yi tambaya a kan komai, ban da guda ɗaya: shin yana haƙa?

A gida na tara iyali a falo na nuna musu. In buɗe, in ninke, in buɗe, in ninke. Yara suka yi layi suna busa usur. Maman yara ta ce, "To ka fita waje ka gwada shi a ƙasa mana."

Na ce, "In ɓata shi tun yanzu?" Na mayar da shi cikin jakarsa, na kwantar da shi a but ɗin mota kusa da safayar taya.

Ranar Talata muka tashi da ruwa. Ramin ya cika ya batse, ba ka gane inda ya fara da inda ya ƙare. Na bi ta gefen da na saba bi, ashe gefen ya zaizaye. Tayar gaba ta nutse, motar ta karkata. Na taka mai, man da na wuni a layi jiya kafin in samu, taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya tana watsa wa katangar mutane laka. Na kashe mota, na gyara hula, na ce wa maman yara, "Yanzu za ki ga amfanin shiri."

Na buɗe shebur, na murɗa zoben wuyansa, na caka a taɓo, na ɗora ƙafa na danna. Ya ninke. Bakin ya dawo ya same ni a ƙauri, na ga taurari da safiyar Allah. Na sake buɗewa, na murɗa da ƙarfi, na sake dannawa. Sai na ji ƙas. Zoben da na ɗauka ƙarfe ne ashe roba ce aka shafa wa fenti. Daga nan kan shebur ya koma lilo, ka ɗaga shi ya sunkuya, ka caka shi ya kwanta. An sayar min da shi a matsayin mai ninkewa, kuma tsakani da Allah wannan aikin ya iya shi.

Kafin ka ce me, maƙwabta sun fito, kowa da lema da shawara. Tela ya ce a rage iskar taya. Mai wanki ya ce a ƙara. Wani da ya ji labarin shebur ɗin a bakin yarana ya ce, "Malam, busa usur ɗin mana, ko agaji zai zo." Aka kwashe da dariya. Na tambaya ko akwai mai shebur na gaske, aka ce magini ne kaɗai, ya kuma fita da nasa tun da asuba. Muka gwada turi, motar ta ƙara zama.

Sai na ji muryar Inna daga baya: "Malam, mun iso ne?"

Na ce, "Saura kaɗan, Inna."

Ta ce, "To. Na dai ji kamar ba ma motsi."

Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai tsoro. Yayan maman yara ko an kira shi yanzu ba zai iso a kan lokaci ba. Tsohuwar da ba ta gani ba za a ɗora ta a babur cikin wannan santsi ba. Idan ta rasa ranar nan, girman kaina ne ya jawo mata, ba wani abu ba. Maman yara agogon wayarta kawai take kallo, da ma zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Can sai tela ya ce, "Af, ai Baba Mai Rediyo yana da shebur."

Baba Mai Rediyo dattijo ne a layinmu, ba ka ganinsa sai da rediyo a kunne, kuma duk alkawarin da aka yi a cikinta ya yarda da shi. Ranar bikin nan, da aka watse, an kwashe rumfuna da kujeru da lasifika, aka manta shebur ɗin Mai Girma a cake cikin ƙasa. Baba ya ɗauka ya ajiye a bayan ƙofarsa, yana goge shi, yana jiran ranar da za su dawo ci gaba da aiki ya miƙa musu amanarsu.

Na je na rusuna, laka har gwiwa. Na ce, "Baba, a taimaka a ara min shebur ɗin nan."

Ya ce, "Wane? Na Mai Girma? Kai, ɗana, rufa min asiri. Dukiyar al'umma ce."

"Baba, ai ni ma al'umma ne."

"Idan suka zo gobe suka ga ya ƙoje fa? Jiya ma na ji an ce an kusa dawowa aiki."

Muna cikin haka Inna ta laluba ta sauke gilashi. Ta ce, "Mai Rediyo, muryarka nake ji?"

Ya ce, "Ni ne, Yaya. Ina kwana?"

"Lafiya lau. Ɗauko abin nan ka ba shi. Idan sun zo nema ka turo min su, da ma ina da magana da su."

Baba ya shiga ya fito da shi a hannu biyu, jan ƙyallen ya koɗe amma yana nan. Jama'a, a ƙarƙashin ruwan zinaren nan shebur ne na gaske, ƙarfe mai kauri, ƙota ta icce. Na caka ya shiga, na danna bai ce komai ba. Na haƙe gaban taya, maƙwabta suka zuba duwatsu. Aka rasa katakon da za a shimfiɗa, sai mai wanki ya jawo allon aikin titin da iska ta kayar tun bara, mai ɗauke da hoton Mai Girma yana murmushi. Muka tura shi ƙarƙashin taya. Na tayar da mota, jama'a suka tura, muka haye ta kan murmushin nan muka fita. Ina shaida a gaban kowa, ranar nan Mai Girma ya ɗauki nauyin talaka.

Mun isa asibiti a makare. Muka tarar ba a fara kiran suna ba, likita bai iso ba. Da ya shigo na dubi wandonsa, laka har gwiwa irin tawa. Muka kalli juna, ba wanda ya tambayi wani. Su ma, ashe, an ƙaddamar musu da titi.

An yi aiki lafiya. Da aka cire wa Inna bandeji, Auta ta fara nema. Ta riƙe fuskar yarinyar ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba, ta ce ashe kumatun mahaifiyarta ta ɗauko. Ni kaina sai da na juya na goge ido. Da muka dawo gida ta ce, "Malam, kawo min shebur ɗin nan naka in gani, na sha jin labarinsa." Na kawo. Ta juya shi, kan yana lilo, ta ce, "Kai, ga kyau kam. A ba yara usur ɗin."

Saboda haka ga shawarata ga mai neman shebur na mota, daga bakin wanda ƙaurinsa bai gama saɓewa ba. Ɗauki mai nauyi, mummunan nan. Ƙwanƙwasa zoben wuyan da makulli ka ji ko ƙarfe ne. Buɗe shi a ƙofar shagon, ka caka a ƙasa, ka hau kansa da duk nauyinka kafin ka biya. Idan mai shago ya kira ka Alhaji, ka ƙara hawa.

Na Mai Girma kuwa na wanke na mayar. Ruwan zinaren bakin ya tafi, Baba yana ta fargabar abin da zai gaya musu. Na ce ya ce an ci gaba da aiki ne. Ni dai idan wani ya ji za a ƙaddamar da titi a unguwarsu, don Allah ya sanar da ni. Ba jawabi zan je ji ba, a baya zan tsaya in jira a watse. Shebur ne mai kyau, kusan sabo, sau ɗaya tak aka taɓa amfani da shi.