Manhajar Injiniya Medhat Ba Ta San Suruki Ba

Duk birnin Dumyat na ƙasar Masar, daga bakin teku har layin kafintoci, babu mai ilimin Injiniya Medhat Shalabi. Shi da kansa ya tabbatar da haka, mu kuwa su wa da za mu ƙaryata injiniya? Ofishinsa ɗaki biyu ne a saman shagon kujerun surukinsa, Alhaji Safwat, wanda ya ba shi ya zauna kyauta albarkacin 'yarsa. Sana'arsa bai wa 'yan kasuwa hayar wuri a intanet: ya ɗora shafin shagonka a kan wasu manyan na'urori da ke Turai, kai kuma ka riƙa biyansa duk wata. Bai taɓa ganin na'urorin da idonsa ba, amma "yarana" yake ce musu.

Kyauta kuwa ba a magana. Idan ƙaramin ɗan kasuwa ya kawo kuɗi, Injiniya karɓewa yake ko kallonsa bai yi ba. Amma bari babban mutum ya sa hannu a aljihu a gaban jama'a, nan take zai dafe ƙirji.

"Haba ranka ya daɗe! Na rantse da Allah ba za ka biya ba. Wurin ai naka ne!"

Kowa a garin ya san irin wannan tayin. Mai sayarwa ya ce a bar shi, mai saye ya nace, a ƙarshe a karɓa, kowa ya fita da mutuncinsa. Medhat kaɗai ke haɗawa da rantsuwa, wa kuma zai nace ya jawo wa mutum kaffara? Kafintoci suka laƙaba masa Na-Rantse, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

Bana sai ya haɗa manhajar karɓar kuɗi da na'urorin nasa. Wanda ya biya, wurinsa ya buɗe da kansa. Wanda wata ya ƙare bai biya ba, shafinsa ya rufe da kansa. Ya tara mutane a gidan shayi don su ji wannan abin tarihi.

"Abin da ya kashe ƙasar nan alfarma ce," in ji shi, yana kaɗa makullin mota. "To ni na binne ta. Manhajata ba ta san ɗan wane ba, ba ta san maƙwabci ba, ba ta jin 'don Allah'. Na cire hannun ɗan Adam gaba ɗaya!"

Da zai zuba sunayen abokan cinikinsa a ciki, sai ya ga bai dace a haɗa manyan gari da talakawa ba. Ya sa manyan duka a rukuni mafi tsada, surukinsa a kan gaba, ya koma baya yana kallon jerin cike da jin daɗi. Rantsuwar da ya yi musu kuwa a gidan shayi ya baro ta, don manhajar ba ta da gurbin rubuta rantsuwa.

Wata ya ƙare a makon bayan Sallah, daidai lokacin da iyayen amare ke neman gado da kujeru. Duk wanda ya shiga shafin Alhaji Safwat da safiyar nan bai ga kujera ko ɗaya ba, sai jan rubutu wanda Injiniya ya tsara da hannunsa don ladabtar da masu taurin kai: "An rufe wannan shafi. Mai shi ya ƙi biyan haƙƙin mutane."

Alhaji mutum ne da maganar bakinsa kawai ake sauke masa katako bashi. Kafin azahar dillalin katako ya kira yana tambayar ko lafiya, wani uban amarya kuma ya zo a mayar masa da kuɗin kafin alƙalamin da ya ajiye. Dattijon ya hau bene yana haki, rai a ɓace, kofin shayinsa a hannu, ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Medhat, ba kai ka rantse a gaban mutane ba zan biya ba?"

"Baba, ai wannan shi ake kira ci gaba. A Jamus ma..."

"Rufe min baki da Jamus! Ka ga shayin nan? Ko ka goge min wannan abin kunyar kafin in shanye shi, ko ka kwashe tarkacenka ka bar min ɗakina."

Injiniya ya naɗe hannun riga, ya shiga na'urar ta ƙofar baya, ya buɗe shafin da hannu. Kujeru suka bayyana. Bai gama murmushi ba manhajar ta leƙo, ta ga ba a biya ba, ta sake rufewa. Ya buɗe, ta rufe. Gumi ya jiƙa masa kwala.

"Ka ga ingancin aiki ko, Baba? Ko ni ba ta raga wa."

Alhaji ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Da Medhat ya ga kofin ya kusa ƙarewa, sai ya zaro katin bankinsa a ƙarƙashin tebur, ya biya wa surukin a ɓoye. Shafin ya buɗe, bai kuma rufe ba. Ya miƙe ya gyara wuyan riga.

"Shi ke nan, Baba. Tsawa ɗaya na yi mata, ta shiga hankalinta."

Wayar Alhaji ta yi ƙara. Ya sa tabarau a hankali, ya karanta saƙon da ƙarfi, wanda shi ma tsarin Injiniya ne: "Mun karɓi kuɗinka, Safwat. Nan gaba ka riƙa biya a kan lokaci, kada ka bari sai an tona maka asiri. Injiniya Medhat Shalabi."

Ya shanye ragowar shayin, ya ajiye kofin, ya miƙa hannu.

"Ba ni makullin ɗakina."