Farin Zoɓon da Na Ajiye Kwana Takwas

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da bikin Zainabu ƙanwar maigidana a Tamaske ba.

Bari in faɗi gaskiya tun farko, tsoro ne ya ja mini. Shekara tara ina aure a gidan, amma dangin maigida ba su daina kirana 'yar lakwal ba, wato 'yar boko, don kawai na yi kolej a Madawa. Ba da mugunta suke faɗa ba. Sai dai duk bikin da ya taso, a ba wannan tuwo, a ba waccan miya, ni kuma a ce in zauna in taya amarya hira. To a wannan karon sai surukata, wadda muke kira Inna, ta kira ni a waya ta ce, "Ke, abin sha na hannunki. Kar ki ba mu kumya gaban mutanen ango." Ta kashe. Saura kwana goma biki.

Na yanke shawarar ba zan yi bisap, wato jan zoɓo, irin na kowa ba. Mahaifina a Urno yana noma farin zoɓo a gefen gonar gero. Bai taɓa zuba masa takin buhu ko maganin feshi ba, shanun makiyaya ne ke kwana a gonar bayan girbi, kuma ba ya shuka sai ya duba kwanan wata. Na aika aka kawo mini tiya uku. Na jiƙa, na tafasa, na tace sau biyu, na zuba citta da kanumfari da dabino, na jefa ɓawon abarba don ƙamshi, sannan sukari mai yawa. Ya fito garau, launinsa kamar zuma da aka sirka da ruwa.

A nan ne ilimina ya yi mini aiki. Na daɗe da lura cewa zoɓon da ya kwana ya fi na ranar daɗi. Sai na ce a raina, idan kwana ɗaya yana gyara shi haka, ina ga kwana takwas? (Ku lura, ban tambayi kowa ba. Ina jin kunyar a ce 'yar lakwal ko zoɓo sai an koya mata.) Ɗan firigona na sanyaya ruwa ba ya ɗaukar bido, wato jarka, kuran ɗin lantarki ma ba tsayawa yake ba, ga shi watan zafi ne. Na cika bido biyu, na murɗe marfi da ƙarfi, na tura su ƙarƙashin gado inda ba haske.

Kullum da safe, bayan na idar da azkar, sai in janyo su in ɗanɗana da ɗan kofin shayi. Rana ta biyu citta ta kwanta, ƙamshin abarba ya taso. Rana ta uku na ji wani ɗan tsami mai daɗi a can ƙarshen harshe. Rana ta huɗu ya fara yi mini cakulkuli a baki kamar lemun kwalba, na ce Allahu Akbar, ashe haka masu kamfani suke yi. Abu ɗaya ne ya tayar mini da hankali: zaƙin yana raguwa. Na ɗauka zoɓon ne ke shanye shi, don haka duk safiya sai in ƙara ludayi biyu na sukari. Rana ta shida bidon ya kumbura kamar cikin akuya mai wata biyar, idan na sassauta marfi sai ya yi tsaki. Na tsorata, na ce ko ya lalace ne? Na ɗanɗana. Wallahi bai taɓa yin daɗi irin na ranar ba. Na sake ɗanɗanawa don in tabbatar. Ranar nan na wuni ina 'yan waƙe-waƙe a madafa, har maigida ya ce, "Ke kuwa bikin nan ya shiga ranki." Na ce masa ai Zainabu ƙanwata ce.

Ranar biki muka ɗora bidon a bayan motar tasha. Duk ramin da muka faɗa tsakanin Madawa da Tamaske sai na waiga, ina addu'a kar marfi ya tashi. Da muka isa na buɗe a bayan ɗaki, kumfa ta biyo hannuna har gwiwa. Na juye a manyan robobi, na zuba ƙanƙara, na shiga rabawa.

Aka fara da manya. A cikinsu akwai Malama Rabi, matar limamin unguwa, wadda ke koyar da matan gidan karatu, kuma ita za ta yi wa amarya nasiha bayan la'asar. Ta yi bismilla, ta kurɓa, ta rufe ido.

"Masha Allah," ta ce. "Wa ya yi wanga?"

"Matar ɗana ce," Inna ta amsa, har da gyara zama. Shekara tara ban taɓa jin ta faɗi haka da wannan muryar ba.

Ni kuwa sai baki ya buɗe. Na ba su labarin gonar Urno, da shanun makiyaya, da kwanan wata. Malama ta miƙo kofi aka ƙara mata, ta ce a cika mata buteli guda, wato kwalba, ta kai wa Malam, don yana son abu mai ɗan tsami. Na cika da hannuna, na saka mata a jaka.

Ana cikin haka aka ce Kawu Idi yana kirana a zaure. Kawu Idi ƙanin Inna ne, ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan kafin ya dawo gida ya bar gemu, yanzu ba ya rasa sahun farko. Na same shi tsaye da kofin da aka kai wa maza, bai sha ba, ya riƙe shi nesa da rigarsa. Ya riga ya hana a raba sauran. Inna ta biyo ni don ta ji yabo.

"Ɗiyata," ya ce a hankali, "kwana nawa wanga abu ya yi?"

"Takwas, Kawu," na faɗa da alfahari.

"A ruhe?"

"A rufe ƙam. Har sukari nake ƙara masa kullum."

Ya yi salati. "Ɗiyata, wagga ba zoɓo ba ta. Giya ta. Kuma wadda ta nuna."

A daidai lokacin ne na tuna muryar malaminmu, mushen da ya koya mana kimiyya a kolej, yana zana kwalba a allo, yana bayanin abin da sukari ke komawa idan aka rufe shi da ɓawon 'ya'yan itace a cikin zafi. Har maki mai kyau na ci a darasin.

Inna ta daɗe tana kallon ƙaninta. "Kai kuma Idi, ƙaƙa anka yi ka san warinta?"

"Gadi na yi, Yaya. Gadin wani wuri."

"Gadi da hanci?"

Ya juyo gare ni ya ce in zubar da sauran a ɓoye, a ce ƙanƙara ce ta ɓata shi, a sayo ruwan leda, ba wanda zai ji. Na so in yarda, Allah ya sani na so. Amma buteli na nan cikin jakar Malama, zai tafi gidan liman, kuma ita kanta ta tashi za ta yi alwala da kofi biyu a cikinta ba ta sani ba. Na kalli Inna ko za ta ce wani abu. Ta kawar da kai, ta bar ni da Allahna.

Tsakar gidan nan bai fi taku ashirin ba, amma ban taɓa tafiya mai nisa irinta ba. Na durƙusa gaban Malama, mata sun kai arba'in a kan tabarmi, har da dangin ango. Na so in yi raɗa, sai kuka ya ƙwace mini, murya ta fito kowa ya ji.

"Malama, ki yafe mini. Abin da na ba ki ya juya. Giya ce."

Wata tsohuwa da kofi ke bakinta ta fesar a kan zanen maƙwabciyarta. Aka shiga salati, aka yi rububin buta ana kurkure baki. Malama ta kurkure nata sau uku, ta ciro buteli daga jaka da yatsu biyu ta ajiye can gefe. Sannan ta ce, cikin natsuwa, wanda bai sani ba babu laifi a kansa, da mai bayarwa da mai sha. Har na fara samun numfashi, sai ta ƙara da tambaya.

"To ke, ba ki ɗanɗana ba ne kahin ki kawo?"

"Na ɗanɗana, Malama."

"Sau nawa?"

"Kullum da safe." Na sunkuyar da kai. "Wani lokaci da yamma ma."

Sai wata daga dangin ango ta ce, "Ashe mu baƙi muke, ga 'yar gari nan." Gidan ya fashe da dariya, har Malama ta rufe baki da mayafi. Bayan la'asar ta yi nasiharta, rabinta a kan "wata baiwar Allah" da ba ta ambaci suna ba, kuma duk lokacin da ta ce baiwar Allah sai kawuna arba'in su juyo gare ni.

Da za mu tafi na je sallama da Inna. Tana ninke tabarma, ba ta ɗago ba.

"Kumya dai kin ba mu," ta ce. "Amma da kin yi shiru abin ga ya shiga gidan liman, da ba ki sake taka gidan ga ba. Tashi, Allah shi yi miki albarka."

Na yi istigfari har na gaji, na yi azumin nafila uku ko da Malama ta ce ba dole ba ne. Abin da na koya kuwa kaɗan ne: duk abin da na ga yana ƙara daɗi kullum alhali ba ni nake gyara shi ba, in ajiye kofi in je in tambayi Kawu Idi. Shi dai ya yi gadi.