Rasuwar Faifan Ajiyar Gidan Injiniya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, tsoro kuma ya danne, Injiniya na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohon faifan ajiyar kwamfutar gidansa, wanda ya cika ranar Asabar da hantsi a kan teburin cin abinci, yana da shekara tara. Ana roƙon duk wanda sanarwar ta iske ya riƙe ta a cikinsa tukuna. Malama, matar gidan, ta je gano mahaifiyarta, kuma har yanzu ba ta sani ba.

Ga wanda bai san shi ba, Injiniya malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Sunan ya bi shi ne tun ranar da ya gyara fankar ofishin malamai da bakin cokali, kuma daga ranar bai ƙara ganin abu mai noti ya ƙyale shi ba.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da riƙon amana. Idan an kunna shi sai ya ce kirrr, ya ɗan yi shiru, ya ce tik-tik-tik, ya kama aikinsa. An ɗauke masa wuta ba adadi, yara sun zuba wa akwatinsa shayi, bai taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Babbar amanar da ke hannunsa kuwa ta Malama ce. Shekara shida ta yi tana bin gidaje tana ɗaukar muryoyin tsofaffin ungozomomi, su talatin da ɗaya, saboda littafin da take rubutawa a kan yadda ake karɓar haihuwa a da. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, har da kakarta ta wajen uwa, wadda ta yi awa huɗu tana ba da labari. Duk lokacin da wayar Malama ta cika, Injiniya ne ke kwashe muryoyin ya zuba wa marigayin, ya goge na wayar da hannunsa, yana cewa, "Kwantar da hankalinki, nan ba abin da ke ɓata."

Jinyar gajeriya ce, kuma da kyakkyawar niyya ta fara. Injiniya ya so kafin Malama ta dawo ya saka faifai na biyu, ya kwafe komai a kai, ta zo ta yaba masa. Sai ya sayo irin tsohon sak, kamfani ɗaya, girma ɗaya, wai don su fi jituwa. Ya kwance murfin akwati, ya ɗaure baƙon a ƙasan marigayin, ya kunna. Kwamfuta ta tashi lafiya, amma ta yi kamar ba ta san an yi baƙo ba. Ya kashe, ya danna kebul ɗin wuta har ya ce ƙas, ya hure ƙura, ya sake kunnawa, shiru. Nan ya yanke hukunci cewa ramin da ya soka baƙon ne ya lalace, sai ya musanya musu kebul: na tsoho ya koma wa sabo, na sabo ya koma wa tsoho.

Da ya kunna, allo ya yi baƙi ƙirin, da layi ɗaya na rubutu cewa ba a ga inda za a tashi ba. Mai hankali a nan zai mayar da kebul yadda ya same su, ya je ya sha ruwa. Injiniya kuwa ya ɗauko ɗan filas ɗin kwamfuta na girka manhaja ya soka, ya ce bari ya girka wa baƙon tasa, daga baya a sasanta. Allo ya jero faifai biyu masu girma ɗaya, na farko da na biyu. Ya ce ai sabo shi ne na biyu, ya manta sarai da musanyar da ya yi minti goma da suka wuce. Na biyun ya fito a rarrabe gida-gida, alamar akwai kaya a ciki, ya ce haka suke zuwa daga kamfani. Ya danna a wanke. Gargaɗi ya fito, ya danna masa "to" ba tare da ya karanta ba. Marigayin ya ce tik, tik, bai ƙara ba.

Kwamfutar ta tashi fes, har Injiniya ya haɗa wa kansa shayi. Sai ya nemi jakar muryoyin. Ya duba wannan faifai, babu. Ya buɗe wancan, wayam. Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar tebur. Tsoro irin wannan bai taɓa ji ba, ko ranar da motarsu ta ƙwace a kan gada. Cikin ruɗewa ya sauko da manhajojin ceto har uku, duk a kan marigayin, ya sake girkawa sau biyu ko Allah zai sa.

Ranar Litinin ya naɗe shi a tawul ya kai wa mai gyara. Mai gyara ya yini a kansa, sannan ya cire tabarau ya ce, "Malam, da a lokacin ka kashe ka kawo, da mun ceto kusan komai. To kai ka binne shi, ka zuba siminti, ka dawo ka ƙara wani."

Marigayin ya rasu ya bar sabon faifai, lafiyayye, ba komai a cikinsa. Ya bar firinta mai yawan ciwo, da noti ɗaya da ba a san mazauninsa ba. Abin da aka iya tonowa shi ne hotunan takardun jarrabawa goma sha huɗu, da daƙiƙa tara na muryar wata tsohuwa tana tambaya ko an kunna abin. Injiniya ya saurare ta har ya gaji, ya kasa gane ko wace ce.

Ɗazu da la'asar Malama ta bugo. Ya kalli wayar tana rawa a kan tebur har ta kusa tsinkewa kafin ya ɗauka.

"Baban yara, gobe muna tafe, ni da Umma," in ji ta. "Ta ce tunda aka yi rasuwar ba ta iya sauraron muryar kaka ba, amma yanzu ta shirya. Ka haɗa mana lasifika a falo, don Allah."

Ya ce, "Allah ya kawo ku lafiya."

Za a ajiye marigayin a cikin kwalin da baƙon ya zo, a saman kabad, domin mai gyara ya ce kada a jefar kuma kada a ƙara kunnawa. Zaman karɓar gaisuwa gobe ne a falon gidan, daga ƙarfe uku da rabi. Motar su Malama na isowa ƙarfe huɗu. Ana roƙon jama'a su zo da wuri, kada kowa ya tashi in an ji sallama, kuma a samu dattijo ya zauna kusa da Umma. Injiniya ya gwada maganar a gaban madubi sau bakwai, har yanzu bai wuce "Malama, zauna tukuna" ba.