Rasuwar Kaka Mai Tatsuniyar Rana

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ya rasa wurin saukewa, Malam Lawal Abdulmuhaimin na McLeansville yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Greensboro da kewaye rasuwar kwamfutarsa, wadda mutan gidan suka fi sani da Kaka. Ta cika ranar Lahadin da ta gabata, tsakanin azahar da la'asar, a kan teburinta na kusa da taga, tana da shekara talatin da ɗaya a duniya. Masana sun ce a danginsu wannan tsufa ne na fitar hankali, domin sa'o'inta duk sun daɗe da zama ƙarfen awo. Mai son yin dariya ya yi abarsa, Malam Lawal ba zai riƙe kowa a zuciya ba, sai dai yana roƙon a karanta zuwa ƙarshe.

Marigayiyar ta yi ƙuruciyarta a unguwar Irving Park, a gidan masu hali. A shekarar 1999 wata tsohuwar Baturiya ta ɗauki Malam Lawal, yana sabon zuwa daga Zariya, ya taya ta kwashe tarkacen gareji. Da suka iso kan kwamfutar sai ta ce ko ya ɗauka ko bola ta ɗauka. Ya rungumo ta zuwa mota, nauyinta kamar buhun masara, bai san ko kunna ta ba. Da Allah ya sa ta kunnu, ya tarar da gadon da jikokin matar suka bari a ciki: wasan tatsuniya mai kashi uku, labarin wani ɗan maƙeri da ya fita neman ƙararrawar garinsu bayan wata mayya ta sace ta. Akwai kwaɗo mai magana, akwai dodo a gindin gada, akwai rijiyar da ba a leƙawa sau biyu. Sai ka rubuta wa yaron abin da zai yi da Turanci kafin ya motsa. Rabin Turancin da Malam Lawal yake cin abinci da shi yau a nan ya koya, shi ya sa ya san sunan takobi da akushin zinariya tun kafin ya san yadda ake cewa a ƙara masa albashi.

Duk wanda ya zauna da Kaka zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa shiga intanet ba, saboda haka ba ta kai gulmar kowa ko'ina ba. Ba ta taɓa tsayar da mutum tana cewa sai an sabunta ta ba. In an danna mata maɓalli takan yi gyaran murya, “Gurrr, kaf, kaf,” ta yi shiru har ka fid da rai, sannan ta ce, “Ɗin!” Aibinta ɗaya, ba ta jin Hausa. In an rubuta mata, amsarta ba ta canzawa, wai ba ta gane wannan kalmar ba.

Wadda ta fi kowa gwada ta da Hausar ita ce Rahina, matar Malam Lawal, Allah ya jiƙanta, da ta iso shekara guda bayan kwamfutar. Ita ta raɗa mata suna, ta ce duk tsohuwar da ke zaune wuri ɗaya tana ba mutane tatsuniya ai kaka ce. Ita ce kuma ta tayar da maganar da ta zama dokar gidan. Shi aikin dare yake yi a rumbun kaya kusa da filin jirgi, ita tana kula da tsofaffi daga asuba zuwa azahar, don haka ba su da lokacin wasa sai da rana tsaka. Rahina ta ce a gidansu ba a tatsuniya da rana, mai yi ɓata yake yi, sai fa in an ɗaure Gizo. Ta yage bakin wani tsohon zanenta, kore mai ɗigon fari, ta ƙulla shi a jikin wayar allon rubutu, wato mai maɓallan haruffa. Malam Lawal ya yi mata wa'azin camfi na minti goma. Ta saurara har ya gama, ta ƙara tamke ƙullin.

Wasan ba shi da tausayi. Taku ɗaya ka kuskure, ɗan maƙeri ya faɗa kogi, Kaka ta busa wani ɗan kiɗan makoki, “Tii, tii, tuuu,” a koma farko. Maganin shi ne ka riƙa ajiye inda ka tsaya, kuma wannan ajiyar ma a gidan nasu, ɗaure Gizo ake ce mata, tunda ita ke hana mutum ɓata. Kowace ajiya sai ka ba ta suna, gurbin bai wuce 'yan haruffa ba, jerin kuma layi ashirin ne kawai yake ɗauka. Ma'auratan da ke haɗuwa awa biyu a yini ba su daɗe ba suka gane amfanin wannan gurbi. Ya dawo da safe ya kunna, sai ya ga ta rubuta “miya na firij”. Ta dawo da azahar ta ga ya bar mata “dodo ya cinye ni kuma”. Akwai “ka sayo albasa”. Akwai “na huce”, wanda ya biyo bayan wani faɗa da shi kansa ya manta dalilinsa. Akwai “ina da ciki”, domin a nan, tsakanin gadar dodo da dajin mayya, Malam Lawal ya fara samun labarin 'yarsa Hanifa. Wannan layin ba wanda ya taɓa rubuta wani abu a kansa.

Shekara goma sha ɗaya suka yi suna jan wasan, ba mai ba su amsa, sai ƙamus da gardama. A bazarar 2011 Rahina ta kai ɗan maƙeri bakin wata koriyar ƙofa a kashi na uku, makulli a hannunsa, ana jiyo ƙararrawar daga ciki. Ranar tana da ganin likita saboda wani ciwon kai da ya ƙi tafiya. Ta ɗaure Gizo, ta rubuta “jira ni kar ka bude”, ta ɗauki jakarta. Daga wurin likita aka wuce da ita gado, kwana tara ta yi ta cika.

Malam Lawal bai buɗe ba. Shekara goma sha uku, duk Juma'a in ya dawo masallaci yakan kunna Kaka, ya karanta layi ashirin ɗin daga sama har ƙasa, ya kashe. Wasiƙun Rahina duk a waya aka yi su da baki, takardun da ta bari kuwa na asibiti ne da na aiki. Maganarta da ta rubuta da yatsunta, da Hausarta, ba ta ko'ina sai a cikin wannan akwatin ƙarfe. Hanifa ta sha ce masa ya ɗauki hoton jerin da waya. Yakan ce sai Juma'a mai zuwa, ai abin da ke ɗaki ba ya ɓata.

Ga yadda jinyar Kaka ta kasance. A bana aka ji cewa waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun farfaɗo da shi bayan shekaru suna barci, sun sake gina labarin ɗan maƙeri tun daga farko, da muryoyi da hotuna kamar a taɓa. Hanifa, wadda yanzu take karatun aikin jinya, ta sayo wa mahaifinta shi da na'urarsa ranar Lahadi, tana murna. Shi ma ya yi murna, kada a yi masa ƙarya, har ya ce kafin a buɗe jika, wato sabon wasan, bari ya nuna mata kakarsa. Ta ɗauko tsumma tana goge ƙura, ta ga ƙyallen ya yi baƙi, ta kwance shi ta ajiye a bakin taga don ta wanke. Ya gani da idonsa. Ya yi niyyar cewa ta mayar, sai ya ji kunyar yarinya mai ilmin boko, ya danna maɓalli.

Kaka ta ce, “Gurrr.” Ba ta ce “Ɗin” ba. Sai wani sauti da ba a taɓa ji daga bakinta ba, “Ƙas. Ƙas. Ƙas,” kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa. Ya kashe ya kunna. Ya mayar da ƙyallen, ya sake kunnawa. Hanifa ta tsaya a bayansa tana ta cewa, “Baba, sorry, ban sani ba,” shi kuwa ya kasa juyowa ya ce mata ba komai.

Washegari aka garzaya da ita shagon Malachy da ke cikin gari, bayan titin Elm. Malachy haifaffen Jos ne, Hausarsa ta fi ta Hanifa nesa ba kusa ba. Ya kwana biyu a kanta, ya ciro faifan ajiyar, ya aika wa wani da ya fi shi kayan aiki, aka dawo da shi da labari ɗaya: allurar ciki ta karce faifan kamar an bi shi da ƙusa. Malam Lawal ya ce ba wasan yake nema ba, layi ashirin ne kawai, ko guda biyar a ciro masa. Malachy ya cire tabarau ya ce, “Malam, da akwai abin cirowa, wallahi da ban bar ka ka tambaya sau biyu ba. Ta tafi da su.”

Malam Lawal yana so jama'a su sani cewa ya san tsumma ba ya riƙe faifai. Ya sani sarai, liman ma ba sai ya kira shi gefe ba. Kwanan Kaka ne ya ƙare, kuma laifin rashin ɗaukar hoto nasa ne shi kaɗai, Hanifa ba ta da ko ƙwayar zarra a ciki. Duk da haka tun ranar Lahadi hankalinsa yake komawa bakin tagar nan. Ya zauna da biro da takarda don ya rubuta jerin daga ka, abin da ya karanta sau ɗari shida da ɗoriya, ya tsaya a goma sha huɗu. Ido ya saba da su har ya daina karantawa. Shida sun ɓace, kuma yana jin ɗaya a cikinsu ya fara da “ka tuna”, amma bai tuna ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar allon kallo mai ƙaton ƙeya, da allon rubutu wanda harafin “a” ya goge, da linzami mai ƙwallo a ciki, da faya-fayai bakwai da babu sauran na'urar da za ta karɓe su a jihar nan. Ta bar Hanifa, wadda ta koyi haruffa a kan cinyar uwarta a gabanta. Ta bar ɗan maƙeri a bakin koriyar ƙofa da makulli a hannu. Ta kuma bar jika, sabon wasan, wanda aka kunna ranar Laraba don kada kyautar yarinya ta zama asara. Yana da kyau, kwaɗon har ƙifta ido yake yi. Sai dai da kansa yake ajiye inda ka tsaya, ba ya tambayar kowa suna, ba gurbin da mace za ta ce wa mijinta ta huce. Hanifa ta ce ƙofar tana nan a ƙarshe, an gani a tallarsa, kuma in ya yarda za su kai can tare.

Za a kai gawar wurin da hukuma ke karɓar tsofaffin na'urori ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a bayan motar Malachy. Ba wanka, ba salla, tunda marigayiyar ƙarfe ce da roba. Faifan ba zai bi ta ba, yana cikin akwatin da takardar aure take. Za a karɓi gaisuwa a gida daga azahar zuwa la'asar. Ba a buƙatar a kawo abinci, kuma don Allah kada wani ya zo da sabuwar kwamfuta. Abin da ake nema ɗaya ne: matan da suka riƙa ziyartar Rahina, da duk wanda ya taɓa leƙa allon nan ta bayan kafaɗarta, in akwai mai tuna layi ko rabin layi, ya zo ya faɗa, takarda da biro suna kan tebur. Addu'a kuwa a yi wa Rahina.

Za a tarar da Malam Lawal a kujerarsa ta kusa da taga, da koren ƙyalle a hannu, an wanke shi. Hanifa ta miƙa masa abin sarrafa sabon wasan ta ce ya ɗaura a nan. Ya juya shi gaba, ya juya shi baya. Irin na zamani ne, ba shi da waya, babu inda ƙulli zai kama.