Juma'ar da Na Karɓi Baƙuwa Daga Ƙasan Rami

Ko da zan manta da sauran abin kunyar da na yi a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, shekara biyu ke nan, da na gaisa da mahaifiyar matar ɗana ina tsaye a ƙasan rami, gumi yana bin gadon bayana.

Bari in fara faɗa muku ko ni wace ce, don ku san girman faɗuwar. Ni mace ce mai sa ido. Ban yi boko ba, amma a gidan da nake ba a barin randa a buɗe, ba a barin wuƙa a tsakar gida, jikokina kuwa da sun ji ƙarar takalmina suke gyara zama. A Tsibiri na girma, kusa da gulbi, na san abin da ruwa ke yi wa mutum. 'Ya'ya bakwai na raina a gefen hanyar ruwan 'yan noman rani, ba wanda ya taɓa jiƙa ƙafa ban sani ba.

To, ɗana na fari (ba na kama sunansa, mu ce da shi Alhaji) fataucin shinkafa da albasa yake yi, Allah kuma ya buɗa masa. Ciwon baya ya dame shi, likita ya ce masa iyo zai taimaka. Sai ga shi wata rana yana gaya mini zai haƙa kwamin iyo a bayan gidansa na Mafara, irin wanda yake gani a manyan masaukai in ya yi tafiya. Gidan nan fa ni ma a ciki nake, da matarsa Rabi, da yara huɗu. Na ce masa mutane na gudun ruwa ya shigo musu gida, kai za ka biya a kawo maka? Muka ja, muka ja, na ga ba zai bari ba. Sai na kafa sharaɗi: a yi, amma ni zan zaɓi yadda za a yi shi. Ya amince da sauri, don shi kullum yana kan hanya, dama mai tsaya wa ma'aikata yake nema.

Aka kawo wani injiniya, mutum mai fara'a da haƙuri, ya zauna a tabarma yana nuna mana hotuna a wayarsa, ni da Rabi. Ashe abin zaɓe-zaɓe ne kamar kayan ɗaki. Akwai tayil shuɗi, akwai kore, akwai fari. Akwai fitilu da ake sawa a ƙarƙashin ruwa. Akwai rumfa a gefe da kujeru. Akwai injin tace ruwa (wannan kaɗai na yarda da shi ba gardama, don ba na son sauro).

Na ce tayil fari za a sa, ko ƙwayar gero ta faɗa in gan ta. Fitilu na ce a bar su, ba biki muke yi ba. Rumfa na soke ta, don inda duk aka yi inuwa a nan yara ke taruwa. Katanga na ce a ƙara mata tsawo, kada maƙwabta su ji ko su gani. Sai aka zo kan zurfi da matakala.

Injiniya ya ce, “Hajiya, yadda aka saba, gefe guda ana yin shi ba zurfi, a gina matakala masu faɗi da ƙarfen riƙewa, mutum ya taka ya shiga, ya taka ya fito.”

Na ce, “Wato ka gina ma yara hanya ke nan. A'a. Ko'ina a yi shi da zurfi, ya wuce tsayin mutum, bango ya miƙe sak awa na rijiya. In yaro ya leƙa ya ji tsoro ya koma. Mai son shiga ya kawo tsani, in ya gama a ɗauke a kulle.”

Rabi ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, “Inna, to in tsautsayi ya sa wani ya faɗa, ta ina za shi fita?”

Na juya na dube ta, irin kallon da ke sa mutum ya tuna yana da aiki a kicin. Na ce, “Ina raye cikin gidan ga yaro za shi faɗa? Ke kin taɓa ganin ruwan da ya wuce na bokiti?”

A gaban baƙo na faɗa mata haka. (Allah ya yafe mini, a lokacin har daɗi na ji.) Injiniya ya so ya ƙara magana, na ce an gama.

Aka haƙa, aka zuba kankare, aka fara manna tayil. Na kafa doka biyu. Ta farko, ba mai sauka cikin ramin sai ma'aikaci. Ta biyu, da an tashi aiki a zare tsani a kai sito a datse kwaɗo. Makullin kuwa ɗaya ne tak, yana ƙulle a bakin zanena.

Abin da ke cina a rai shi ne aikin tayil ɗin. Tun ina yarinya uwata ta koya mini ba a sayen tukunya sai an ƙwanƙwasa an ji muryarta. Ni kuwa kullum daga sama nake leƙen Malam Isa mai tayil yana manne-mannensa, ban taɓa jin muryar ko ɗaya ba.

Ranar Juma'ar nan ma'aikata suka tashi da wuri don shirin masallaci. Na zagaya baya in duba, sai ga tsani a jingine cikin rami, sun manta. Na buɗe baki zan ɗaga murya, sai wata dabara ta zo mini. Maza duk sun fita. Rabi tana can tana girki. Na koma na ɗauko cokali da guntun gawayi, na tattare zane, na yi bismillah, na bi tsanin nan a hankali har ƙasa. Ni da rabona da hawa tsani tun ina ɗebo dawa a rumbu.

Kai, na ji daɗin aikin nan! Ina bi ina ƙwanƙwasawa da cokali, wanda ya yi ƙarar fanko in shafa masa gawayi. Na samu bakwai. Ina cikin tsara irin faɗan da zan yi wa Malam Isa, sai na ji takun gudu.

A nan ne na yi wautar da ta fi ko wace. Maimakon in tsaya in ce ga ni, sai na tuna ni na kafa dokar hana sauka, na kuma tuna yadda labari zai zagaya cewa an ga Hajiya ta tattare zane tana bin tsani. Sai na laɓe a lungu bayan tarin kwalayen tayil, na ja wani tamfol na rufa.

Malam Isa ne. Ina jin hakinsa yana magana shi kaɗai: “Alhamdu lillahi ba ta gani ba! Tsohuwar ga da ido awa shaho, da yau mun sha wa'azin da ya fi na liman tsawo.”

Ina kallo ta ƙasan tamfol ƙafafun tsani suka yi sama. Na ji ya ja shi ƙiii har sito, na ji kwaɗo ya ce ƙaras. Dokata ce ya bi, ba abin da ya rage.

Na fito na dubi bango. Ya miƙe sak kamar na rijiya, yadda na ce. Na yi ɗage na miƙa hannu, yatsuna ko kusa da baki ba su kai ba. Na tara kwalayen da aka kwashe tayil ɗinsu na hau, suka lotse da ni, na zauna daɓas. Rana ta take tsaka, farin tayil ɗin nan yana mayar mini da ita a ido, zafinsa yana ratsa takalmi. Inuwa ko ta tafin hannu babu, na soke rumfa. Wayata tana ɗaki. Na gwada gyaran murya, na gwada tafi, doguwar katangata ta shanye. Daga nesa ina jin huɗuba a lasifika, na ce to, yau ni ma na saurara daga nan.

Da na gaji na zauna kan kwalin da na lotsa, tambayar Rabi ta dawo mini. Ni ce nan, babba, da ƙafata a busasshiyar ƙasa, da hankalina, na kasa fita. To ina ga ƙaramar jikata mai shekara uku, ga ruwa cike, ba abin takawa, ba abin kamawa?

Can sai na ji muryoyin mata suna tahowa. Rabi ce, da wata murya da na gane nan take: mahaifiyarta, Hajiyar Bakura, ta zo ganin jikoki, an kawo ta kallon abin mamaki. Ni da matar nan shekara goma sha biyu muna kunyar juna, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Na yi niyyar komawa cikin tamfol, ban kai ba kawuna biyu suka leƙo.

Muka dubi juna. Rabi ta ce, “Inna?” sai ta toshe bakinta. Ta durƙusa don ta gaishe ni kamar yadda ta saba, amma duk durƙusonta tana sama da ni da kamu huɗu.

Ni kuwa da na rasa abin yi, sai na gyara ɗaurin kallabi, na harɗe hannu a baya, na ce, “Maraba da Hajiya. Kun taho lafiya?”

Matar nan, Allah ya saka mata, ko gira ba ta ɗaga ba. Ta tsuguna a bakin rami ta ce, “Lafiya lau, Hajiya. Mun iske ku lafiya?”

“Lafiya ƙalau. Ina gajiya?”

“Babu gajiya. Ina gida?”

“Gida lafiya. Yaya mutanen Bakura?”

“Suna gaishe ku. Yaya zafi?”

“Zafi lokacinai ne,” in ji ni, gumi yana ɗiga daga haɓata.

Muka gaida Alhajinta, muka gaida ƙafarta mai ciwo, muka tambayi shinkafar bana, muka koma kan gajiya karo na biyu. Ita kunya ta hana ta tambayi abin da ya kai ni, ni girman kai ya hana in ce a fitar da ni. Rabi tana gefe kafaɗunta na rawa, ta cusa mayafi a baki. Da gaisuwa ta ƙare ƙaf, Hajiya ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta ce, “Masha Allahu, wuri ya yi kyau. Ta ina aka shiga?”

Rabi ta fashe. Ta yi dariya har da hawaye, tana cewa, “Ki yi haƙuri Inna, wallahi ba da gangan ba ne.” Na kwance makulli daga bakin zane na jefa mata. Ya bugi bango ya dawo mini. Sai a jifa na uku ta cafe.

Su biyu suka jawo tsani suka zura. Na taka hawa biyu, gwiwoyina suka ce ba su san zancen ba. Dole Rabi ta sauko ta tallafe ni ta baya da kafaɗa tana cewa, “Taka guda, Inna, saura kaɗan,” uwarta kuma ta kama hannuna tana ja tana salati. Kaina yana fitowa ke nan, kallabi a karkace, fuska duk gawayi, sai ga maza sun dawo daga masallaci: Alhaji, da injiniya, da Malam Isa a bayansu. Malam Isa ya dubi tsani, ya dube ni, na ga lokacin da ya tuna maganar shaho.

Hajiyar Bakura ta yi saurin rufa mini asiri, ta ce, “Hajiya ta sauka duba aiki ne.”

Injiniya ya danne dariyarsa ya ce, “Madalla. Hajiya, an samu gyara?”

Na karkaɗe zanena, na ce, “An samu. Tayil bakwai fanko ne, na sa musu alama.” Ina jin idon kowa a kaina. Sannan na ce, “Kuma ba matakala. A fasa gefen can a cike shi, a yi matakala masu faɗi da ƙarfen riƙewa, a kewaye wurin da shingen ƙarfe mai ƙofa. Sauran abin da ya rage ku tambayi Rabi, ta fi ni gani.”

Ban taɓa faɗar magana mai nauyin wannan a bakina ba. Alhaji ya biya kuɗin fashe-fashen, sai dai har yau in zai tsokane ni yakan ce, “Inna, yaya mutanen Bakura?”

Yanzu yaran duk sun iya iyo, uwarsu na tsaye a kansu, ni kuma ina kan kujera ina ƙirga kawuna. Sa ido dai ban daina ba, kuma ba zan daina ba. Abin da na koya shi ne, duk dokar da zan kafa wa mutanen gida, nakan fara tambayar kaina ko ni zan iya fita daga cikinta in ta rufta da ni. In kuma ƙaramar murya ta yi tambaya a gefen tabarma, nakan bari ta kai ƙarshe kafin in harare ta.