Yadda Ake Gajarta Sandar Giya Kafin a Ɗauko Suruka

Kai mai a-kori-kura, matso kusa. In dai ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka yi gardama ba, ba ka kuma nemi shawarar bakanike mai hankali ba, na yi maka alkawari sandar canza giyar motarka za ta gajarce, mutuncinka zai ƙaru a gidan surukai, kuma duk abin da aka riƙe maka a can za a sako maka shi. An gwada wannan hanya a kan mutum guda, ta kuma yi aiki ɗari bisa ɗari.

Mutumin shi ne Abdulsamad, wanda kowa a tashar Gusau ya sani da Dogo, mai jigilar buhunan dawa da waken suya daga Wanke da 'Yankuzo. Duk inda bayani ya shige maka duhu, ka dubi abin da Dogo ya yi.

Mataki na ɗaya: Samo dalili mai nauyi

Ba a taɓa sandar giya don kwalliya. Sai ka samu damuwar da ta hana ka jin daɗin tuwo.

Damuwar Dogo ita ce matarsa Sadiya. Ta tafi wankan jego gidansu a Tsafe bayan haihuwar fari. Arba'in ta zo ta wuce, yaro har ya fara dariya, amma duk aiken da Dogo ya yi sai uwarta, Inna Yelwa, ta ce yarinya ba ta gama warwarewa ba. Gida ya yi wa Dogo faɗi. Kewar matarsa da ɗansa ta dame shi ƙwarai, har mai shayin bakin tasha ya daina tambayarsa abin da zai ci.

Ainihin dalilin ya iso masa ta bakin mata, kamar yadda aka saba. Wai Inna Yelwa ta ce: "Wanga yaro bai iya gaisuwa ba. Ko ya ce ya duƙa, sai na ɗaga kai nika ganin hular shi." Laifin Dogo tsawo ne, sai kuma kunya, wadda take sa ya jefo gaisuwa daga zaure ya arce. Ita kuwa ta ɗauka girman kai ne.

Mataki na biyu: Karɓi aikin da ya fi ƙarfinka

Idan surukai suka nemi mota, ka amsa tun kafin ɗan aike ya rufe baki. Tunani daga baya ake yinsa.

Aka aiko wa Dogo cewa akwai biki a Bungudu, ana so ya kai Inna Yelwa da yayarta Hajiya Hafsatu, da kayan gara. Ya amsa da murna. Sai da ya shiga mota ya dubi kujerar gaba, ya gane abin da ya ɗauko wa kansa. Hajiya Hafsatu jiri take yi a mota, dole ta zauna bakin taga. Ke nan Inna Yelwa ce a tsakiya, a jikin sandar giya.

Kai ma ka san sandar tsohuwar a-kori-kura. Doguwa ce kamar muciya, kuma ba ta shiga giya sai ta yi yawo. Duk fasinjan da ya taɓa zama a tsakiya ya san hannun direba da gwiwarsa sai sun gaisa. Da ɗan kasuwa ne sai a ce masa ya gyara ƙafa. Suruka fa? Wadda ko sunanka ba ta faɗa, kai ma ba ka haɗa ido da ita? Dogo ya tabbata in hannunsa ya taɓa gwiwar Inna Yelwa, sai yaron nan ya shiga firamare a Tsafe.

Mataki na uku: Yi bincike a waya

Duk ilimin duniya yana cikin waya, matsalar kawai ba a yi shi don motarka ba.

Dogo ya ga bidiyon Turawa masu tseren mota. Sandar giyarsu 'yar guntuwa ce, ɗan taɓawa kaɗan ta faɗa, hannu bai je ko'ina ba. Ya ce alhamdu lillahi. Ya zagaye shagunan kayan mota na Sabon Gari yana nuna wa masu shago. Wani ya ce sai an yi odarta daga Legas. Wani ya tambaye shi ko tsere zai yi da buhunan dawa.

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Abin da babu shi a shago, akwai shi wajen mai walda.

Mataki na huɗu: Toshe kunnenka a wajen mai walda

Mai walda zai yi maka gargaɗi. Aikinsa ke nan. Naka aikin shi ne ka dubi wani wuri har ya gama.

Jatau mai walda ya kalli bidiyon, ya kalli sandar, ya ce: "Dogo, su waɗanga daga ƙasa sunka canza ta. In na yanke ta daga bisa, tauri za ta yi hwa."

"Yanke dai."

"Har ina?"

Dogo ya auna da idonsa inda gwiwar mace mai mutunci za ta kai, ya nuna can ƙasa da wurin. Jatau ya yanke, ya mayar da ƙwallon kan, ya liƙe. Muciya ta koma ludayi. Dogo ya yi ta murna, har da ƙara masa goro.

Mataki na biyar: Lura da komai, ban da abin da ya kamata

A hanyar zuwa Tsafe Dogo ya gano abu biyu. Sandar ta daina yawo, wannan gaskiya ne. Amma hannunsa ba ya kai mata sai ya rusuna ta dama, kansa ya kusa taɓa rediyo, ya ɗan daɗe a haka yana kokawa da ita, don ta yi taurin da Jatau ya faɗa. Tunda shi kaɗai ne a motar, bai ga aibu ba. Bai tsaya ya tambayi kansa wa zai zauna a daidai inda yake rusunawar ba.

Mataki na shida: Ɗauko su

Ka loda kaya a baya, ka ɗaure sosai. Ka shimfiɗa sabon darduma a kujera. Kada ka leƙa cikin gida neman ganin matarka, za a gani.

Dogo ya kiyaye duk wannan, ko da yake ya ji kukan yaro daga ciki. Inna Yelwa ta shiga ta zauna a tsakiya, ta tattare mayafinta, ta juya fuska wajen yayarta. Hajiya Hafsatu ta kama taga. Dogo ya yi bisimilla, ya taka kuloci, ya rusuna neman giya ta ɗaya.

Inna Yelwa ta ga ƙaton mutum ya naɗe a gefenta, hularsa ƙasa da kafaɗarta. Ba ta taɓa ganin tsakiyar hular nan ba. Ta ce, tana duban taga, "Lahiya lau."

A nan ne za a gane ko kai ɗan halak ne. Mutumin da surukarsa ta amsa masa gaisuwa ba ya cewa giya yake nema. Dogo ya ce, "Ina kwana, Inna." Mota ta tashi.

Kafin su fita layin, injin ya nemi ta biyu. Ya rusuna. "Ya gajiya, Inna?"

"Ba gajiya."

Ta uku. "Ya gida?"

"Gida lahiya. Madalla."

Hajiya Hafsatu ta zunguri ƙanwarta. "Yelwa, wanga shi ne kika ce bai iya gaisuwa ba?"

Mataki na bakwai: Gwada zama a giya ɗaya

Za ka yi tunanin maƙalewa a giya ta uku har Bungudu don gaisuwa ta huta. Kowa ya yi wannan tunanin. Dogo ma ya gwada bayan sun bar Tsafe. Injin ya dinga kuka kamar na niƙa, tiren gara yana rawa a baya, masu babur suna wuce su suna waiwaye.

Hajiya Hafsatu ta ce, "Ɗan nan, motar taka ciwon ciki takai?"

Dole ya rusuna ya sa ta huɗu. "Ya mai jego, Inna?"

"Tana lahiya."

Mataki na takwas: Tattala gaisuwa

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne wuya, don hanyar Tsafe zuwa Bungudu ba ta tausayin direba. Akwai ramuka, akwai tudun rage gudu, akwai shingen jami'an tsaro, kuma kowanne sai ka sauko da giya ka sake hawa. Masana sun yi ittifaƙin cewa gaisuwar Bahaushe tana da yawa, amma ba su taɓa bin hanyar nan da guntuwar sanda ba.

Ka fara da mutane. Dogo ya tambayi lafiyar jariri, da ta Baba, da ta ƙannen Sadiya ɗaya bayan ɗaya. Kafin dutsen Kwatarkwashi ya ɓace a bayansu mutanen gidan sun ƙare. Ya koma kan damina, da yabanya, da ciwon ƙafar da Inna ta yi bara. A cunkoson Gusau ya gaishe da awaki. A shataletale ya gaishe da kaji. Wata tirela ta tsaya a gabansu ba zato, ya yi wa Inna ta'aziyyar wani kawunta da ya rasu tun Sadiya tana goye.

"Allah ya jiƙan shi," in ji Inna Yelwa. Kafaɗarta ta ɗan motsa a ƙarƙashin mayafi, amma Dogo bai gani ba, kansa yana ƙasa.

Wani abin lura: duk lokacin da ka rusuna, ba ka ganin hanya. Saboda haka ka tabbata akwai dattijuwa mai ƙarfin murya a bakin taga. Hajiya Hafsatu ta riƙe wannan aiki da gaskiya. "Akuya!" Dogo ya ɗago ya kauce. "Mai rake!" Ya ɗago ya kauce. Jirin ma ta manta da shi.

Mataki na tara: Ribas

Duk abin da ya gabata share fage ne.

Gidan bikin yana cikin wani lungu a Bungudu, kuma Dogo ya wuce ƙofar. Babu wurin juyawa, sai dai a koma da baya. Mata sun cika ƙofar gida suna jiran gara. Ribas kuwa ko a zamanin doguwar sanda sai da lallashi take shiga.

Dogo ya rusuna da hannu ɗaya, ta ƙi. Ya sa hannu biyu. Ya zame daga kujera har goshinsa ya kusa taɓa tabarmar ƙasan motar, gumi yana ɗiga daga hancinsa. Ya laluba cikin kansa ya ga babu sauran gaisuwa ko ɗaya, har kajin ya gama da su. Shiru ya yi yawa, ga shi a duƙe a gaban surukarsa, sai bakinsa ya faɗi abin da ya daɗe a cikinsa.

"Inna, don Allah a taimake ni da iyalina. Gidan ba ya zaunuwa."

Giya ta faɗa. Bai ɗago ba.

Inna Yelwa ba ta dube shi ba, don ba a yin haka. Ta dubi yayarta ta ce: "Yaya, hwaɗa mai ya ɗago hakanan, kar ya karye. Tun muna ƙohwar gida na san giya yaka sawa. Ni da na tsufa cikin motocin kasuwa, ban san sanda ba? Ga tabon walda nan, ko hucewa bai gama ba."

Dogo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ki kuma hwaɗa mai," in ji ta, muryarta ta sauko, "wanda ya yanke ƙarhen motar da yaka ci da ita don kar hannunshi ya taɓa gwiwata, ba zai wulaƙanta ɗiyata ba. Ya zo Juma'a bayan an sauko masallaci ya ɗauki matarshi da ɗanshi."

Hajiya Hafsatu ta leƙo ta gaban ƙanwarta. "To, ka ji."

Ya ji. Ya yi baya da motar a hankali har ƙofar gidan, idonsa cike da ƙwalla, yana kallon madubi don kada kowa ya lura. Matan da suka ga yadda ya duƙa ta gilashi suka shiga gida da labarin, kuma a ranar surukai maza da yawa a Bungudu sun sha gori ba su san dalili ba.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. Ciwon baya naka ne. Akuyar da ka taka, kai da mai ita. In giyabos ɗinka ya watse a tsakiyar hanya, kada ka ambaci sunana, ka nemi Jatau, shi ma zai ce ya gaya maka. Ban kuma ɗauki alhakin kowace suruka ba, don an samu rahoton wani a Wanke da ya yanke tasa sandar, ya yi ta rusunawa har gari biyu, a ƙarshe tsohuwar ta tambayi 'yarta ko mijin nata basir gare shi.

Wanda kuma yake son sayen a-kori-kurar Dogo don ya huta da zuwa wajen mai walda, ya haƙura. Sadiya ta ce ba ta sayarwa ba ce, kuma ba za a mayar da doguwar sandar ba.